Tuwon Dare da Ɗumamen Safe: Lacca a kan Tattalin Abinci a Gidajenmu

 

 Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne abincin dare na iyali, da yadda za a yi da abin da ya saura a tukunya, musamman a irin makon da hidima ta yi wa mutanen gida yawa, har uwargida ba ta samun sararin tsayawa gaban murhu sau uku a yini. Na san ba za a rasa wanda zai ce a ransa, ashe har tuwo da miya sun kai a tara manyan mutane a kansu. To, ina tunasar da shi cewa magabatanmu na ilimi ba su ɗauki wannan mas'ala ƙarama ba, gama Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, a cikin Risalarsa da ɗalibai ke karantawa a zaurukanmu tun zamanin kakanni, ya keɓe babi guda ga ci da sha, Imamu Gazali kuwa, da ya zo rubu'in al'adu na littafinsa Ihya'u Ulumiddini, da ladubban cin abinci ya buɗe shi, kafin aure, kafin neman abin masarufi, kafin zama da jama'a.

Bari mu fara da duba yadda iyayenmu suka tsara al'amarin. A gidan Bahaushe, na ƙauye ko na birni, babban abincin yini shi ne na dare, watau tuwo, wanda ake ci tsakanin Magariba da Lisha. Da rana fura ce da nono, ko abin da ya samu irin su ɗanwake da dambu, da safe kuwa koko ne da ɗumame. Shi wannan tuwo aikinsa ba na sa'a guda ba ne, domin tun hantsi mai girki ke karɓar awo daga hannun maigida, ta yi surfe, ta bakace dusa, ta wanke, ta shanya, ta daka ko ta niƙa, ta tankaɗe, sa'an nan bayan La'asar ta hura wuta, ta yi talge, ta tuƙa da muciya har gumi ya jiƙa ta, ta rufe tukunya ya turara, alhali a ɗaya murhun ruwan miya yana tafasa da daddawa, yana jiran a kaɗa masa kuka ko busasshiyar kuɓewa. Matar da ta san nauyin wannan aiki duka, ta kuma san cewa da asuba akwai masu sammakon gona da yaran da za su makarantar allo, ba za ta yarda ta sake shi daga farko da safe ba. Saboda haka tun wajen zuba ruwa a tukunya take ƙiyasta ci biyu, na dare da na safe.

Ina roƙonku ku dube ta da kyau a lokacin kwasa, gama a nan hikimar take. Tana zaune bisa kujerar tsuguno, ga ƙwaryar ruwa a gefenta, tana tsoma mara, tana yankar tuwo tana mulmulawa. Akushin maigida za ta fara cikawa, wanda za a fitar zaure wajen ciyayya, inda kowane magidanci na unguwa ke fito da nasa. Sa'an nan na tsofaffi, na samari, na yara, da na maƙwabciyar da ta haihu ko take jinya. Amma tun kafin kowa ya sa hannu, sai ta ware 'yan malmala a wata ƙwarya mai tsabta, ta rufe da faifai, ta rataya a ragaya inda iska ke ratsawa kuma kyanwa ba ta kaiwa, ta kuma rage miya a cikin tukunyarta. Kafin ta kwanta sai ta mai da tukunyar miyar kan wuta ta tafasa sosai, ta rufe, ta ja kunnen yara kada wanda ya sa mata ludayi, balle yatsa. Gari na wayewa, bayan ta idar da salla, sai ta zuba ruwa kaɗan a tukunya, ta jera karan dawa a gindinta don kada tuwon ya nutse, ta yayyanka malmalar ta ɗora a kai, ta rufe har tururi ya ratsa shi ciki da waje. Wasu kuwa a cikin miyar suke saka shi su dahu tare. Ta zuba man shanu, ta barbaɗa yaji, kowa ya ci ya kama gabansa, ba mai waiwayar abinci sai azahar. Tsofaffi da yawa sun fi son wannan ɗumame a kan sabon tuwo, suna cewa sai miya ta kwana daddawa ke kama jikinta, kuma ni ina tare da su a kan wannan ra'ayi.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan siffa shi ne, ɗumamen iyayenmu ba abin da masu ci suka gaza cinyewa ba ne. Rabo ne da aka yi masa niyya tun kafin a ɗora tukunya, aka keɓe shi tun hannu bai taɓa shi ba. Kuma ko da yake ba su san sunayen ƙwayoyin cuta ba, ayyukansu sun dace da abin da likitoci suka tabbatar daga baya, gama tafasawa tana kashe mafi yawan waɗannan ƙwayoyi, rufewa tana hana ƙuda da ƙura, ruwan tsamiyar da wasu ke tuƙa tuwo da shi yana jinkirta lalacewarsa, busarwa kuwa tana hana su ruwan da suke rayuwa da shi. Shi ya sa ko ƙanzon da ya kama gindin tukunya ba a yar da shi: a kankare, a shanya, a zuba a buhu, ranar da aka bukace shi a jiƙa, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da ɗan mai. Dusa ta awaki ce, ruwan wankin tsaba ma dabbobi ke sha. Wannan tattali kuwa wahala ce ta koyar da shi, domin tsofaffin da suka rene mu sun ji labarin yunwar 1914, wadda mutanen ƙasar Kano suka kira Kakalaba, daga bakin waɗanda suka gan ta da idonsu, su da kansu kuma sun sha farin 1973, lokacin da shanu suka mutu daga nan har Agadas, rumbuna suka zama wayam. Wanda ya taɓa ganin haka ba zai iya tsallake ƙwayar shinkafa a ƙasa ba tare da ya sunkuya ba.

To, yanzu zamani ya juya, kuma ba na cikin masu zargin matan yau da kasala, domin wanda ya ƙirga sa'o'insu zai ji kunyar furta wannan kalma. Ku ɗauki malamar makaranta, ko ma'aikaciyar jinya mai aikin kwana, ko mai shago a kasuwa: ta tashi tun assalatu, ta shirya yara zuwa boko, ta fita neman A Daidaita Sahu, ta dawo bayan La'asar a gajiye ta tarar da masu shirin Islamiyya, ga wanki, ga baƙi, ga mijinta shi ma cunkoson motoci ya riƙe shi; waɗanda ke aiki a Abuja suna kwana a Suleja ko Mararaba kuwa sau da yawa sai bayan Lisha suke shiga gida. Gidan gandu, inda mata ke karɓar girki bi da bi, wannan ta yi kwana biyu ta huta, ya ragu a birane, an koma mace ɗaya, ɗaki biyu, tukunya ɗaya. Ga tsadar gas da gawayi, ga tsadar hatsi da kayan miya, wadda ta ƙaru ainun tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, har mudun da ake auna wa iyali a kasuwar Dawanau ya zama abin lissafi ga mai albashi. A cikin wannan hali sai gidaje da yawa suka faɗa ɗayan abu biyu: ko dai a bar girkin dare a koma aiken yara shago da wajen mai shayi, kowa ya ci nasa a tsaye, ko kuwa a dafa ba ƙiyasi, a tura wa kowa fiye da cikinsa, da safe a kwashe abin da ya rage a zuba a kwandon shara.

Na biyun nan ya fi ba ni tsoro, domin ya zo tare da wani girman kai da ba mu gada ba. Na sha jin yaro ya ce shi ba ya cin abin da ya kwana, na kuma ji magidanci yana alfahari wai a gidansa ba a ɗumame, kamar dai wata daraja ce ya samu. Na taɓa bi ta bayan wani gida kashegarin walima, na ga robobin shinkafa a jibge bakin kwata, wasu ko buɗe su ba a yi ba, naman yana ciki, awaki suna ture su da baki, ga yara ƙanana tsaye daga nesa suna kallo. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahoton da ta fitar a 2024, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kashi 60 cikin 100 daga gidaje, watau kimanin kilo 79 ga kowane mutum a shekara, ko da yake lissafin ya haɗa da ɓawo da ƙashi. Abin lura kuma, rahoton ya nuna wannan ɓarna ba ta ƙasashe masu arziki kaɗai ba ce, bal ma gidajen ƙasashe masu zafi irin tamu suna cikin masu yawan zubarwa, saboda abinci ba ya jimawa a wurinsu. Kada dai mu ce wannan laifin Turawa ne.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta hana isirafi. A Suratul Isra'i kuma aka danganta almubazzarai da shaiɗanu, dangantakar da ya kamata ta sa gaban mumini ya faɗi. Ya tabbata a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Maliku, da Buhari da Muslimu, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana abincin mutum biyu yana isar uku, na uku yana isar huɗu. Ya kuma yi umarni, kamar yadda Muslimu ya ruwaito, idan loma ta faɗi a ɗauke ta a share mata ƙazanta a ci, a kuma suɗe kwano, domin mutum bai san a wane ɓangare na abincinsa albarka take ba. Idan har loma guda ta sami wannan kulawa daga shari'a, ina ga rabin tukunya? Sai dai kada wani ya fahimci cewa ina kira zuwa ga rowa, ko ƙuntata wa iyali da sunan tattali, gama nafaƙa wajiba ce a kan miji gwargwadon halinsa, mai hana iyalinsa ƙoshi alhali yana da iko ya saɓa, kamar yadda mai zubarwa ya saɓa.

Abin da nake ba iyayena mata da ƙannena shawara a kai, musamman a makon jarrabawar yara, ko makon aikin kwana, ko lokacin girbi, ko watan azumi da ɗumame ke zama sahur, shi ne a komo ga niyyar nan ta ci biyu, a faɗaɗa ta gwargwadon zamani. Ranar da aka sami sarari, Asabar ce ko Lahadi, a kai markaɗen tumatir da tattasai da attarugu da albasa gaba ɗaya, a dafa har ruwan ya tsane, a soya da mai, a raba shi kashi-kashi. Kashi ɗaya ya zama miyar shinkafa yau, ɗaya ya shiga dafa-duka jibi, ɗaya a ƙara masa kabewa da alayyafo da gyaɗa ya koma taushe. Farar shinkafar da ta saura, idan an adana ta yadda ya kamata, ita ce ake haɗawa da jiƙaƙƙiyar shinkafa a niƙa a yi ƙullun waina. Dafaffiyar doya a soya ta da ƙwai da safe, ko a farfasa ta a yi fate. Waken da aka dafa da yawa yau a ci da shinkafa da mai da yaji, gobe a sake masa kama da manja da albasa. Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, kauɗar tumatir da daddawa kuwa kada a rasa su a gida, gama su ne miyar da ba ta neman firji, kuma cikin ɗan lokaci take haɗuwa. Sharaɗin dukkan wannan guda ne, shi ne wanda muka gani wajen kwasa: a ware na gobe tun daga tukunya, a zuba wa masu ci kaɗan, wanda bai ƙoshi ba ya nemi ƙari.

A nan wajibi ne in tsaya in yi gargaɗi, domin amana ce a wuyana, kuma kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wasiyya kada a bar dafaffen abinci a ajiye haka kawai fiye da sa'a biyu, sai dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Selshiyos, in an zo ɗumamawa kuma a bari zafi ya ratsa shi sosai. Ɗakunanmu na yau, masu rufin kwano da ƙananan tagogi, sun fi ɗakin ƙasa zafi nesa ba kusa ba, kuma tuwon da aka ƙulle a leda aka cusa a kula, ya kwana da ɗumi-ɗumi a watan Afrilu, ya sami ainihin yanayin da ƙwayoyin cuta ke so. Shinkafa ta fi kowane abinci bukatar taka-tsantsan, domin akwai wata ƙwayar cuta da ƙwanta ke tsira daga dahuwa, idan shinkafar ta daɗe da ɗumi sai ta farfaɗo ta zuba dafi, dafin nan kuwa ɗumamawa ba ta kashe shi, kuma ba lalle ne a ji wari ko a ga yauƙi ba. Saboda haka a baza ta ta huce da wuri a sa a sanyi, in babu sanyin a dafa daidai ci. Firji ma ba abin dogaro ba ne matuƙar wuta tana zuwa tana ɗaukewa: naman da ya narke ya sake daskarewa, ko miyar da ta yini cikin firjin da ba wuta, a yi hattara da su, musamman ga jarirai, masu ciki, tsofaffi da marasa lafiya. Abin da aka ɗumama sau ɗaya kada a sake ajiye shi. Ga waɗanda ba su da lantarki kuwa, akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma, ruwan yana tsanewa yana janye zafi, sai tumatir da yalo da alayyafo su ƙara kwanaki. Amma ku lura, sanyinta na kayan lambu ne, bai kai na ajiye dafaffen nama ko shinkafa ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a da nake jin nauyin ambatonta, amma shiru a kanta ha'inci ne. Wasu gidaje sai abinci ya yi tsami, ya fara yauƙi, har 'ya'yansu sun ƙi shi, sa'an nan a ƙwala wa almajiri kira a juye masa a roba, a kuma ɗauka an yi sadaka. Aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta hana mutum ya nufi mummuna ya ciyar daga gare shi, abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Yaron nan ɗan wani ne, cikinsa irin na ɗanki ne, kuma in ya kwanta da gudawa a makaranta ba uwar da za ta tashi a kansa cikin dare. Idan kin san abincin ya fi ƙarfin gidanki, ki fitar da shi tun da zafinsa, tun daren, ga almajiri, ga maigadi, ga gwauruwar da ke bayan gidanki. Wanda ya riga ya lalace kuwa a binne shi ya zama taki.

Saura maza, kuma da gangan na bar ku a baya, domin yawancin abin da na faɗa ba zai yiwu ba sai da hannunku. Magidancin da ke kawo cefane bayan Magariba, sa'an nan ya nemi sabon tuwo kafin Lisha. Wanda ke gayyato baƙi biyar ba sanarwa, gobe kuma ya ci a waje bai aiko da saƙo ba har abincinsa ya kwana. Wanda ke yamutsa fuska in an ajiye masa ɗumame a gaban yaransa, shi ne ya koya musu raina shi, kuma shi ne ya sa ƙiyasin uwargida ba ya daidaita. An tambayi Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, abin da Manzon Allah ke yi a gida, ta ba da amsa cewa yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi sai ya fita, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Saboda haka ka kawo cefanen mako a dunƙule in kana da hali, ka sanar da iyalinka in ba za ka ci a gida ba, ka tura samarin gidan markaɗe da ɗebo ruwa da wanke tukwane kamar yadda ake tura 'yan mata, ranar da matarka ta dawo daga aikin kwana kuwa ka kunna risho da kanka ka ɗumama wa yara. Ka kuma yi ƙoƙari, ko sau uku a mako, ka zauna da su a tabarma ɗaya ku ci, domin a nan ne za ka ga wanda ba ya cin abinci saboda zazzaɓi ya fara kama shi, ka ji abin da ya faru a makaranta, ka koya wa ƙarami ambaton sunan Allah da ci da dama da cin abin da ke gabansa.

Ya shugaban zama, lokacin da aka ba ni ya cika. Na san a cikin iyayena mata da ke zaune nan akwai waɗanda suka fi ni sanin dabarun adana miya da tuwo nesa ba kusa ba, ina roƙon a fara ba su dama kafin masu tambaya.